Ranar Aikin Kunnen Uwani

Kwana goma sha ɗaya muka yi a ƙasar Maroko, ni da maigidana da ɗiyarmu Uwani. In aka ce in ba da labarin titunansu ko kasuwarsu ba zan iya ba, don ban gani ba. Ɗakin masauki na gani, da barandar asibiti, da wata ranar Alhamis da har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina.

Sunana Rabi. Ƙauyenmu yana kusa da Dogarawa, maigidana manomin albasa ne. Uwani ce ɗiyarmu ta fari, sunan uwar mijina ta ci, shi ya sa ba a kiran sunanta na yanka a gidan. Tana shekara uku sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ta tashi ba ta ji. Yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru, cikin wata shida kalmominta suka zube ɗaya bayan ɗaya, har ruwa ma sai ta nuna randa da yatsa.

Likitan kunne a Yamai ne ya ɗora hoton kanta jikin fitila ya yi mana bayani. Ya ce can cikin kunne akwai wani abu mai kamar dodon koɗi, ciwon nan yana sa ƙashi ya riƙa tsirowa a ciki yana cike shi, kamar rijiyar da yashi ke ci. Na hagu ya riga ya toshe. Na dama akwai sauran hanya, kuma in aka yi sauri ana iya zura wata siririyar waya a ciki, a dasa na'ura bayan kunnen, ta koma ji. In aka makara ƙashin ya rufe, shi ke nan. Ya ce wata ƙungiyar agaji tana kai yara Maroko a yi musu wannan aiki, zai sa sunanta.

Mako uku muka yi a Yamai muna neman fasfo, a rakuɓe gidan wani ɗan ƙanen sirikina. Rana ta biyu wani mai jaka da takalmi sau ciki ya tare mu a ƙofar buro, ofishin fasfo ɗin, ya ji Hausarmu ya ce ai shi ma kakarsa 'yar wajenmu ce, 'yar Malbaza. Ya karɓi takardar haihuwar Uwani da hotunanmu da na goro, ya ce mu jira shi ƙarƙashin iccen bedi. Muna nan ƙarƙashin bedi har aka tashi daga aiki. Sai da maigida ya koma Malbaza ya yanko wata takardar. A lokacin na ɗauka ita ce babbar cutar da za a yi mana a tafiyar nan.

Da zai dawo ya zo da wani ƙulli a leda baƙa. Inna ce, uwarsa, ta sa malaminta ya yi rubutu kwana bakwai, aka wanke allunan aka kwaɓa garin gero da ruwan aka shanya, don kada a ce ba a shiga jirgi da ruwa. Ta kira a waya ta ce a ba ni.

"Rabi, kina jina? Malam yac ce a dama mata shi da nono, ta sha ranar aikin, kahin ƙarhe shi taɓa jikinta. Ranar hwa, ba jajibiri ba."

Na ce, "To Inna, in sha Allahu."

Kada wani ya ɗauka na ƙi rubutu. Da shi aka yaye ni, da shi na yi naƙudar Uwani, kuma gobe ma in aka ba ni zan sha.

A filin jirgin sama na can suka buɗe jakata suka kwashe kilishi da daddawa da yajin da na daka da hannuna. Na tsaya ina kallon wani ƙato mai safar hannu yana sunsunar daddawata yana yamutsa fuska. Garin kuwa ya wuce lafiya lau, yana cikin aljihun 'yar cikin maigida.

Mu iyali tara ne daga Nijar, tare da wata ma'aikaciyar jinya da ƙungiyar ta haɗa mu da ita, Madam Sauda, Bazabarma mai jiki da faɗa. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne, har jarirai. Ita ce bakinmu, ita ce kunnenmu. Aka sauke mu wani gida mai hawa huɗu, mata a sama, maza a ƙasa. Sanyin garin ba irin namu ba ne, mai laima ne, yana shiga ƙashi. Abincinsu kuma komai da zaƙi-zaƙi, har nama sai a sa masa busassun 'ya'yan itace. Kwana uku na yi ina mafarkin tuwon dawa da miyar kuka.

Ɗaki ɗaya aka ba mu da Falmata, wata Babarbariya daga wajen Difa, da ɗanta Modu wanda aka haifa ba ya ji. Ita ce ta fi ni wayo, ta ɗinke barkononta cikin matashin goyo. Kullum sai ta ɗebo mini kaɗan a tafin hannu, tana cewa, "Ci, Bahaushiya, kada ki mutu mini a ɗaki." Ranar Litinin aka sa za a yi wa Modu aiki, sai ya tashi da tari, aka ɗage. Likitocin da ke dasa na'urar daga wata ƙasa suka zo, kwana huɗu kawai za su yi, kuma an riga an raba wa kowane yaro lokacinsa. Aka ce wa Falmata ta yi haƙuri, in ya warke ta riƙa kawo shi da yunwarsa ko Allah zai sa wani ya fasa. Na ga matar nan tana kuka ba sauti tana ninke rigunan yaron, na ba ta haƙuri irin na wanda nasa ke hannu.

Mu Alhamis aka ba mu, ƙarfe ɗaya na rana. Uwani ce ta ƙarshe, daga ita likitocin za su wuce filin jirgi.

Ranar Laraba da la'asar Madam Sauda ta tara mu, ni da maigida, ta ɗaga yatsa.

"Daga ƙarfe shida na safe, ba abinci, ba nono, ba biskit, ba komai. Ruwa ma ni zan ba shi da kaina. Ka ji ko? In aka sa yaro barci da abu a ciki, abin yana tasowa ya shiga huhu. Ni na ga yaro ya tafi a haka. Ba wasa nake ba."

Da ta fita na dubi maigida na ce, "Malam, garin Inna hwa? Mu ba ta da asuba, tun shida ba ta yi ba. Ai ranar ta, kuma kahin ƙarhe na."

Ya ce, "Haka za a yi."

Haka kuwa aka yi, a ganina. Bayan sallar asuba ya hawo da kofi da nonon roba irin na masaukin, ya dama, ya tofa addu'a, Uwani ta shanye tana lashe baki. Na ce, "Ya ƙare?" Ya zazzage ledar a gabana ya ce, "Ga shi kin gani. Wallahi ya ƙare." Shekara bakwai muna tare, ban taɓa kama shi da rantsuwar ƙarya ba. Na ji hankalina ya kwanta, har na yi masa dariya na ce yau ya zama likita.

Ƙarfe takwas muna asibiti. Aka sa wa Uwani wata riga shuɗiya mai igiya a baya, aka aske gashin bayan kunnenta na dama, aka yi alama da biro. Kitson da na zauna na yi mata ƙanana-ƙanana sai da aka warware rabi. Zuwa goma ta fara neman abinci. Zuwa sha ɗaya ta fara kuka, irin kukan yaron da ba ya jin muryarsa, mai tsaga kai. Ta ja zanina, ta nuna bakinta, ta nuna cikinta, ta dube ni kamar ni ce na hana ta don mugunta. Ba yadda zan gaya mata dalili. Na goya ta, na sauke, na ba ta madubina, ta yar. Can ƙarshen baranda Falmata na zaune da Modu, shi ma da yunwarsa, ba ta da tabbacin komai.

Sha biyu ta wuce kaɗan maigida ya miƙe ya ce, "Kawo ta in zagaya da ita. Akwai kihi cikin gilashi can ƙasa, ta gani ta manta."

Na miƙa masa ita, har da godiya.

Da suka dawo ta yi shiru. Tana tsalle da ƙafa ɗaya, tana riƙe da yatsansa. Na ce a raina, kai, kifin nan ya yi mana rana.

Ba a jima ba aka kira mu wani ƙaramin ɗaki. Likitar da ke sa barci ta shigo, wata doguwa mai tabarau, da takarda a hannu, Madam Sauda na bayanta. Ta duba maƙogwaron Uwani, ta saurari ƙirjinta, sannan ta yi tambaya, Madam Sauda ta juya mana.

"Tun shida na safe, ya ci wani abu? Ya sha wani abu?"

Maigida ya riga ni. "Babu komi."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Uwani tana kan cinyata. Tana da wata ɗabi'a, in tana son magana sai ta kama haɓata ta juyo da fuskata. Ta juyo ni. Ta shafi haɓarta, wato Baba. Ta kai babban yatsa baki ta ɗaga kai, wato sha. Sannan ta ɗora yatsa a kan leɓenta, ta ƙyalƙyale da dariya, don a wurinta wasa ne suka yi da babanta. Numfashinta ya bugi hancina. Nono ne da gero.

Na juya na ce a hankali, "Malam, mi ka ba ta?"

Bai dube ni ba. "Rabi, yi shiru."

"Mi ka ba ta?"

"Sauran rubutun na. Rubutu ba abinci ba na, ayar Allah ta. Ita za ta tsare ta."

"Kamar yaya?"

"Kohi guda." Ya kama wuyan hannuna ta ƙarƙashin mayafi ya matse. "Kada ki ɓata muna tahiya. In kinka buɗe baki, ke kinka sani."

Likitar ta riga ta sa biro a takarda. Madam Sauda tana waya a bakin ƙofa, ba ta ji mu ba. Ba wanda ya sani sai mu uku, ɗayarmu kuma ba ta magana. Ba zan yi ƙarya ba, na so in yi shiru. Na tuna hoton nan jikin fitila da 'yar hanyar da ta rage. Na ce a raina wataƙila ba abin da zai faru, yara nawa ke sha su kwana lafiya. Sai na dubi cikinta da ya ɗan taso a ƙarƙashin rigar, na ga yadda za a turo mini ita a rufe da farin ƙyalle, in koma Dogarawa da zanin goyo ba kowa a ciki.

Aji shida na yi a lakwal, makarantar boko, rabona da Faransanci tun kafin aure. Ban san inda ya fito ba. Na ɗaga murya na ce wa likitar, ta sha nono da gari, kofi ɗaya, yanzun nan.

Maigida ya saki hannuna.

Likitar ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta cire tabarau ta murza idonta, ta dubi agogon bango, ta fita. Madam Sauda ce ta yi faɗan, da Zabarmanci da Hausa da Faransanci a haɗe, har wata ma'aikaciya ta leƙo. Can sai babban likitan ya zo da kansa, wani tsoho mai furfura a gira. Ya tsuguna ya shafa kan Uwani. Ya ce sai an jira awa shida cikinta ya sauka, aikin kuma yana cin awa uku ko fiye, su kuwa ƙarfe bakwai jirginsu zai tashi, gobe akwai yara na jiran su a wata ƙasa. Ya ce za a sa sunanta a farkon na baɗi. Na tambaya ko hanyar za ta kai baɗi. Madam Sauda ta juya masa. Ya ce hoto ne zai nuna. Ya ƙara da cewa na yi daidai, na ceci ranta. Na ji maganar kamar da wata yake yi.

Ina tsaye a baranda aka turo gadon da aka shirya wa Uwani, aka ɗora Modu. Falmata ta bi shi har ƙofar da ba a wucewa, ta dawo, ta rasa inda za ta sa idonta. Daga baya ta zo ta zauna a ƙasa kusa da kujerata ta riƙe ƙafata. Haka muka zauna har aka fito da ɗanta da naɗin farin bandeji a kai. Na yi mata barka, kuma har zuciyata na yi, amma ban iya kallon yaron ba.

Wata tsohuwa mai goge daɓe ta ga ina kwance wa Uwani igiyar riga. Ta tafi ta dawo da burodi da man zaitun a ɗan faranti da shayi mai na'ana'a. Ta yi ta magana da Larabci tana dafa kafaɗata. Uwani ta cinye burodin tas, ta miƙa hannu a ƙara mata. Ita dai ranar ta yi mata daɗi, ta ga kifi, ta sha fura, ta ci burodi. Maigida kuwa tun da likita ya fita ya ce za shi masallaci, ban sake ganinsa ba sai a motar komawa masauki.

Da abin ya tsaya nan, ina jin da na haƙura. Mutum ne ya ji tausayin ɗiyarsa, ya ji tsoron saɓa wa uwarsa, ya yi wauta. Amma ranar Juma'a da hantsi ƙanwata Zali ta turo mini saƙon murya ta ce, "Yaya, saurari abin da ka yawo gari." Na danna, sai ga muryar maigida, a natse, irin wadda yake sa wa in yana gaida manya.

"Inna, sai haƙuri. An gama komi, an sa mata riga, an kawo gado. Ɗan ruwan addu'a na nib ba ta, bai cika cokali ba. Sai Rabi tat tashi da Turancinta na lakwal tac ce ma likita yarinya ta ci abinci. Tsoron aikin taka ji tun gida. Ni dai na yi abin da kinka ce."

Sau uku na saurara. Sannan na sauka hawa uku da ƙafa, ban ko sa takalmi ba, na same shi a tsakar gidan yana shan rana da sauran maza. Na kira shi gefe na kunna masa.

"Cokali, Malam?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka rantse mini garin ya ƙare. Ka ce ma ɗiyarka ta ɓoye mini. Duk na haɗiye. Yanzu kuma ni ka ɗauka ka miƙa ma gari?"

"To mi kike so in ce ma Inna? In ce maganinta ya ɓata aikin? Tsohuwa ta, hawan jini gare ta. Ke yarinya ta, ana yi ana mantawa."

Wato ya auna mu ya ga ni ce mai sauƙin ɗaukar kaya. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsane shi a tsakar gidan nan ba, ga shi kuma shi kaɗai ne nawa a ƙasar baki ɗaya.

Sauran kwana biyar muka yi muna jiran jirgin ƙungiya. Yara takwas masu bandeji suna wasa a matakala, tawa ta tara da rabin kai a aske. Ta riƙa nuna kansu tana nuna nata, tana tambaya ina nata farin ɗankwalin. Falmata ta yaga gefen mayafinta ta naɗa mata.

A gida ba wanda ya zage ni a fuska. Gaisuwa ce ta canja. A bakin rijiya in na iso sai hira ta koma ta tsadar gero. Wata gwaggon maigida ta ce mini, cikin tausayi wai, boko kaɗan ya fi rashinsa illa. Na gaya wa mahaifiyata gaskiya, ta ce in rufe bakina, mace ba ta tona mijinta gaban uwarsa, in jira shi ya gyara da kansa. Na jira. Cikin watannin nan Falmata ta turo mini muryar Modu yana cewa wani abu mai kama da "Ya", tana kuka tana sa mini albarka. Na saurara sau ɗaya na goge.

Wata takwas bayan nan aka kira mu Yamai a sake hoto. Likitan nan dai ya ɗora shi jikin fitila, ya daɗe yana kallo, ya kashe fitilar. Ya ce na daman ma ya rufe. Ya ba mu sunan wata makarantar kurame, ya ce yarinyar tana da kai, kada mu bar ta a gida.

A hanyar dawowa mota ta tsaya Dogon Dutsi a yi sallah a ci abinci. Maigida ya sayo wa Uwani tsire, ya zauna kusa da ni a kan benci yana cire mata daga tsinke. Bai dube ni ba ya ce, "Rabi, ki yahe mini. Ni na ɓata." Idonsa ya kawo ruwa.

Na ce, "Ba nan za ka hwaɗi ba. Nan ba wanda ya san mu. In mun isa gida, gaban Inna, gaban waɗanda sunka ji na hwarko."

Ya ce, "In sha Allahu zan hwaɗi."

Mun isa washegari da azahar. Kafin mu sha ruwa tsakar gida ta cika da masu jaje, mata a tabarmi, maza a bakin zaure. Aka yi addu'a aka shafa. Inna ta jawo Uwani jikinta, ta shafa bayan kunnen inda gashi ya riga ya tsiro, ta yi ajiyar zuciya ta ce, yadda kowa zai ji, "Allah sarki. Da an yi shiru bara, da yanzu tana jin mu."

Maigida yana tsugune kusa da ita, taku biyu tsakaninmu. Na zuba wa bakinsa ido. Ya buɗe shi, ya yi gyaran murya, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki buta ya ce bari ya yi alwala. La'asar ko kusa ba ta yi ba.